Batulu a Gonar Kawa

Fatakwal, 8 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Yayata Kubra,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi, amin. Na sauka lafiya. Maigidana Malam Hambali ya gama kwas ɗinsa na aikin gona, ya ce tunda makarantarmu na hutu, sai na ga teku kafin mu koma Birnin Kudu.

Maganar Inna da kika rubuto ta tsaya mini a rai, wai tana roƙon Allah Ya kai ta rani, don in ajalinta ya zo da damina Batulu ba za ta zo ba. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha bakwai ke nan da jirgin fito ya kife da mu ran kasuwar Gwaram, aka ciro ni, ba a ciro ƙanenmu Barau ba, tun daga ranar ban sake sa ƙafa a jirgi ba. Ran da Baba ya rasu kin san inda na tsaya. A bakin mashigi nake, ina hango makara a tsallake, Ɗan'auta mai fito yana lallashina, na juya na koma. Da wannan kunyar nake yawo har yau.

To ga abin dariya. Jibi wai za a kai mu gonar kawa. Kawa dai da muke tsintar ɓawonta a yashin kogi muna kankare tukunya, ita ake nomawa a nan, kuma a tsakiyar ruwa! Na ce wa Malam Allah Ya kiyaye hanya, ni ina gida.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki,
Batulu

Fatakwal, 11 ga Agusta, 1976

Yaya Kubra,

Gaisuwa da fatan kowa lafiya, Inna kuma jiki na sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Rakiya kawai na yi musu zuwa bakin ruwa. Da muka isa sai na tarar ba wani ruwan a zo a gani, laka ce shimfiɗe, da ɗan rafi iya gwiwa, ana ganin ƙasansa. Na ɗaga kai na dubi gabas yadda Baba ya koya mana, ko ɗigon girgije babu. Na ce a raina ai kogi ba ya kawo ruwa sai an yi sama, wannan kuwa ko kifewa muka yi sai dai zane ya ɓaci. Na yi bismilla na shiga kwalekwale, ina riƙe da rigar Malam har na kusa yaga ta.

Mai gonar wata tsohuwa ce, Mama Ibinabo, ƙanƙanuwa, hannunta kamar faskare. Ita ta tura mu da gora har gonar. Yaya, ikon Allah! Turaku ne aka kakkafa a laka, an ɗaura igiyoyi, an jera tsofaffin ɓawo a jiki kamar tsakiya, 'ya'yan kawa su zo su manne su yi ta girma. Ba noma, ba huɗa, ba korar tsuntsu. Muka hau wani dandamalin katako mai rumfa, ta gasa mana a garwashi. Malam ya ce duk abin teku halal ne, na rufe ido na ci. Kamar ƙoda ce da aka cika wa gishiri. Har na ƙara biyu.

Ina cikin santi na waiwaya, sai na ga turakun nan sun nutse. Lakar ta ɓace. Ruwa ko ta ina, yana lasar katakon da nake zaune, ga rana tsaka, ga sama fes! Innalillahi. Ashe ruwan nan nasu sau biyu yake tafiya ya dawo kowace rana, ba ruwansa da hadari, shi ne ma yake kawo wa kawar abinci. Kowa ya sani, har kajin garin, sai malamar makaranta. Malam ya rantse mantuwa ya yi bai gaya mini ba.

Na ƙanƙame ginshiƙin rumfa na ce a nan za a binne ni. Na yi kuka, na kira sunan Barau. Tsohuwar ba ta lallashe ni ba ko kaɗan. Da Turancinta na kasuwa ta gaya mini ruwan nan ya ci mijinta, kuma da shi ta ciyar da 'ya'ya shida. Sannan ta danƙa mini matuƙi, wato filafilin tuƙa jirgi, ta ce kafaɗarta na ciwo, in ban tuƙa ba sai mu kwana.

Na tuƙa, Yaya! Da fari sai juyi muke a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure, tana ta yi mini tsawa. Ina fama da matuƙi, ina jin haushin tsawarta, ban ankara ba sai na ji ina ƙirga bugu maimakon salatin mutuwa. Ruwan ya fi tsayin mutum biyu, ni ce na ratsa shi har gaci. Da na taka ƙasa na rangaɗa guɗa, masunta suka yi ta tafi. Sai ga tsohuwa ta ɗauki buhun kawa da kafaɗar da ta ce tana ciwo.

Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Taki,
Batulu

Gwaram, 24 ga Agusta, 1976

Zuwa ga maigidana Malam,

Gaisuwa irin ta mai ƙauna, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Dubi inda na rubuto wannan takarda. Daga ɗakin Inna!

Na iso mashigi ran Lahadi da hantsi, kogi ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da itatuwa. Ba zan ɓoye maka ba, saura kaɗan in juya. Ɗan'auta ya tsufa, amma ya gane ni, har ya fara ba ni haƙuri yana cewa in bari sai rani. Na ce ya ba ni matuƙi guda. Ya ce tunda yake fito bai taɓa ba mace ba. Na ce to yau ya fara. Daidai inda muka kife shekarun baya na yi wa Barau addu'a da babbar murya, hannuna bai tsaya ba.

Inna idonta ya yi rauni, da na yi sallama ta ɗauka Yaya Kubra ce. Na durƙusa, ta shafa bakin zanena ta ji shi sharkaf da ruwan kogi. Sai ta ce a gaya wa liman ya daina taya ta roƙon rani, yanzu duk lokacin da Mai Sama Ya ga dama, 'yarta za ta zo. Daga nan ta ce a ɗumama mata tuwo, rabonta da abinci kwana uku.

Har yanzu ban yarda mantuwa ka yi ba, amma na yafe. Ka zo ran Juma'a, ka tsaya a bakin mashigi, ni zan zo in ƙetare da kai.

Matarka,
Batulu