Kabewa Ta Dawo

Abu Yazan,

A gidan nan ba a zubar da abinci, domin gumin manomin Irbid ya fi ƙarfin kwandon shara. Haka ka sanar ranar da ka sa a riƙa kawo mana kwalin kayan lambu duk Alhamis, kuma muna nan muna biyayya.

Mako huɗu ke nan kabewa ake kawowa. Na yi miya, na gasa, na dafa da shinkafa, na gaji. Jiya na cika faranti da ragowar na kai wa maƙwabciyarmu Umm Firas ta ƙasan bene. Ka san ba a mayar da faranti ba komai. Ɗazu ta hawo da shi, ta ce, "Ga ɗan abin taɓawa, Umm Yazan. Ki gaida maigidanki Dakta, ai shi ya haɗa mu da masu kwalin." Kabewa ce, har ta fi wadda na kai.

Na makara, na tafi ofis. Sabon kwali zai iso da azahar, firij kuma ba wuri. Tukunya biyun da ke ciki naka ne, ka cinye. Kada ka ce za ka ci a jami'a, dabarar ta tsufa.

Kuma kada ka miƙa wa Baba. Tun Litinin cikinsa ke murɗawa. Bayan asuba na same shi a kicin yana cin kabewar jiya da sanyinta, a hankali. Ya ce kada in gaya maka. Ba ya son maganar ɗansa ta faɗi ƙasa.

Lamis