Maganin Inna a Bayan Kwaɗo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu dai lafiya lau, in ban da Inna. Ƙafafunta sun sake kumbura, daga ɗaki zuwa ƙofa sai ta huta sau biyu. Kada ka yi min faɗa: wata biyu ke nan ina raba ƙwayar maganin zuciyarta biyu da reza don ta kai mu ƙarshen wata. Mai kemis ya ce kamfani ɗaya tak ke da ikon sayar da ita, shi ya sa tsadar. Kai da ke aiki a masana'antar magani, wannan wace irin magana ce?

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mai kemis bai yi ƙarya ba. Wanda ya ƙirƙiro magani, doka na ba shi shekara ashirin shi kaɗai kafin wasu su yi irinsa. Na wannan saura kwana arba'in.

Abin da zai ba ki mamaki, irinta injin da nake tsaye a kansa yake bugawa tun makon jiya. Da kin gani! Zuba take kamar tsakuwa daga tifa. Ranar farko baki buɗe na tsaya har sai da shugaban sashe ya taɓa ni. Abin da kike yankawa da reza ga shi kwali kan kwali har rufin ɗakin ajiya, an garƙame da kwaɗo. Ko guda ba ta fita sai ranar da wa'adin ya cika, a ƙofa har aljihu ake laluba mana.

Na turo kuɗin da za su ishe ku. Ki dinga ba ta cikakkiya. A gaishe ta.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ranar ta zo. Da mai kemis ya faɗi kuɗin sai da na ce ya maimaita. Na wata shida bai kai na mako biyu a da ba! Tafe nake ina juya kwalin kamar wata zararriya.

To amma Innarka ta ƙi sha. Tata ja ce, wannan fara. Cewa ta yi, "Ke, ni za ki yi wa wayo? Abin kuɗin sabulu ne zai riƙe min zuciya?" Likita ya yi bayani, ta juya masa ƙeya. Jar ta ƙare shekaranjiya, kuma tsoro nake ji.

Auta

Auta, ki karanta wa Inna wannan.

Inna, barka da gida. Jan nan riga ce kawai, abin da ke ciki ɗaya ne, sai da aka gwada aka tabbatar kafin a yarda mana. Farar nan ta hannuna ta bi. Duk awa nake ɗiba ina aunawa, ina cewa ko wannan ce za ta shiga bakinki. Don Allah ki sha.

Ɗanki

Yaya,

Salam. Ta sha. Sai da ta daɗe tana kallonta a tafin hannu, ta ce, "Ikon Allah! Wai wanda ko tazugensa bai iya ɗaurewa ba."

Yau kwana tara, da safe na same ta tsaye tana shanya da kanta. Ta ce in tambaye ka, masu irin ciwonta da ba su kai ranar nan ba, su nawa ne?

Ka huta lafiya.

Auta