Na Ga Ruwa a Injin Iska, Zan Yi Shiru

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in biye wa zuciyata. Shekara goma sha ɗaya ina feshin fenti a kamfanin ƙofofin ƙarfe. Ni ke haɗi: fenti kaza, tina mai tsinka shi kaza, sai maganin da ke sa shi tauri. In na ɗaga sanda na ga yadda yake zuba, na san ya yi.

Foman ɗinmu yayan matata ne, ni ne ma na samo masa aikin, kin ji wauta. Watan jiya ya matsa mini in ninka tina don fenti ya yi auki. Na ce zai ɓare, ya ce shi ne babba, na bi na fesa. Sati uku ba a yi ba ƙofa arba'in suka dawo suna saɓa kamar maciji. A gaban manaja mutumin nan ya rantse bai san zancen ba! Aka karɓe bindigar feshi daga hannuna, aka mai da ni gugar samfefa. Ni fa! Matata kuwa sai haƙuri take ba ni, wai jininta ne.

To, Allah ya kawo shi hannuna. Wanda aka ba aikina bai san ana tsiyaye ruwan da ke taruwa a injin iska ba, ni nake yi kowace safiya. Ranar Litinin za a fesa ƙofa ɗari biyu. Ruwan zai biyo tiyo, fenti ya fito da ƙuraje, a ga ƙarshen girman kai. Ba zan taɓa komai ba, bakina kawai zan kama. Wallahi so nake ya ji abin da na ji. Ina da laifi?

Mai Samfefa

Ɗan'uwa, an cuce ka, kuma kana da gaskiya ka ji zafi. Amma kai ma ka san haɗin ba daidai ba ne ka fesa. Ranar ya kamata manaja ya ji.

Shirun nan kuwa ba surukinka zai kayar ba. Wanda ya rantse sau ɗaya zai sake. Mai feshin nan ne zai tsaya gaban manaja yana bayani ba mai saurara, kuma ka fi kowa sanin ɗacin wurin.

Ka je wa manaja kafin Litinin, ka tsiyaye ruwan a gabansa. Sannan ka roƙi gwaji: fallen ƙarfe biyu, ɗaya da haɗinka, ɗaya da wancan, a kankare su bayan sati uku. Daga yau duk wanda ya ce ka canja haɗi, ya rubuta ya sa hannu. Zancen gida ka kai wa mahaifin matarka, ka daina matsa wa baiwar Allah ta zaɓa tsakaninku.

Sunanka kake so ya dawo, kuma ba wanda ya taɓa samun suna a kan ƙofar da ta lalace. Allah ya wanke ka, ya sanyaya maka zuciya.