Na Yi Wa Yara Allurar Ƙyanda Bayan Na San Ta Lalace

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina yi muku fatan alheri. Don Allah Anti ki sakaya sunana, ko harafin farko kada ki buga. Ku kuma da za ku ba ni amsa, ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san girman abin da na yi, ba sai an tuna mini ba. Duk sunayen da za ku gani na canza su.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma a wajen Kakuri. Ina zaune a Unguwar Mu'azu da mijina da 'ya'yanmu uku. Tun da aka sallami mijina daga masaƙa bai sake samun tsayayyen aiki ba, don haka aikin nan nawa shi ke riƙe da gidan. Ɓangarena rigakafi ne. Makullin ɗakin firij a hannuna yake, safe da yamma nakan duba ma'aunin sanyi in rubuta abin da na gani a wani kati da ke manne a ƙofar firjin. Duk wanda ya yi aikin nan ya san in sanyi ya tafi na kwanaki, maganin ya mutu, ko da kuwa a ido yana nan garau.

Bayan sojoji sun koma bariki muka samu sabon Ciyaman, mutum mai son a ga yana aiki. Ya ce a asibitinmu zai ƙaddamar da rigakafi kyauta, washegarin ƙarewar hutun Babbar Sallah. Aka kawo magunguna tun kafin hutu, aka kawo mana sabon janareta saboda taransfomar unguwar ta ƙone. Ana jibi Sallah aka aiko mini cewa Innata ba ta da lafiya a Zariya. Na je wurin shugabar asibitinmu, zan kira ta Hajiya Ladi, na ce ban san yadda zan yi da firij ba. Ta ce, "Haba, kawo makullin ki tafi ki ga Inna. Ga janareta, ga man fetur Ciyaman ya aiko. Ni zan kula." Na miƙa mata ina ta godiya. Ban sa ta rubuta ko layi ɗaya cewa ta karɓa ba. Wa zai ce wa shugabarsa ta sa hannu, alhali taimakonsa take yi?

Kwana huɗu na yi. Na dawo da sassafe ranar bikin ƙaddamarwar, na tarar an kafa rumfuna, an jera kujeru, mata har sun fara layi da goyo. Hajiya ta ba ni makulli ba tare da ta dube ni ba. Ina buɗe firjin wani ɗumi ya bugi fuskata. Ƙanƙarar duk ta narke, ruwa ya taru a ƙasa, ga ɗaki mai rufin kwano ana tsakiyar zafi. Kwalaben ɗigon shan inna suna da wata 'yar alama a jikinsu da ke yin duhu in zafi ya taɓa su, duk sun yi duhu. Na ƙyanda kuwa ba su da alamar komai, suna nan fes kamar yanzu aka kawo su. Na kira Hajiya na ce, "Hajiya, wannan ai ya mutu. Sai dai a ɗage." Ta turo ƙofa ta rufe ta ce, "A ɗage me? Leƙa waje ki gani. Ciyaman na kan hanya da 'yan jarida. Ke za ki je ki gaya masa?" Na ce to me ya faru da janareta? Ta ce ya lalace tun daren Sallah. Sai ta nuna katin da yatsa. "Sunan wa ke saman katin nan, nawa ko naki? Wa aka sani da makulli? Ki yi tunanin 'ya'yanki. Kuma ai ba guba ba ce, ba wanda zai mutu, iyaka dai ba ƙarfi." Ta kwashe na shan innan ta zuba a baƙar leda, ta ce za ta ce bai iso ba. Ta aika aka sayo ƙanƙara a kasuwa aka cika kulolin da muke ɗaukar magani a ciki. Sannan ta ciro biro daga jakarta ta miƙo mini.

Jama'a, na karɓa. Ba wanda ya riƙe hannuna. Na cike kwana huɗun nan, safe da yamma, da lambobin da ban gani ba, na sa hannu a kan kowanne. Na fita na zauna a ƙarƙashin rumfa ina murmushi, Ciyaman ya riƙe jaririn farko aka ɗauki hoto, ni kuma na yi ta tsira wa 'ya'yan mutane abin da na san ruwa ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Rabi, mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar asibitinmu. Mijinta ba ya son allura, wata uku na yi ina lallashinsa, har shagonsa na je, kafin ya yarda a yi wa 'yarsu Ummi, mai shekara ɗaya da rabi. Rabi ta zo da ciki, ta tsallake teburi biyu ta ce ita sai wurin Anti, wato ni. Ni na yi wa Ummi da hannuna, na rubuta a katinta cewa an yi.

Na yi ta gaya wa kaina ai ba abin da zai faru. Wata ya bi wata, ba komai, har na fara mantawa. Da zafi ya zagayo sai ƙyanda ta shigo unguwar. Iyaye suka riƙa zuwa da yara jiki duk ƙuraje, ido ja, wasu riƙe da kati, kuma in na duba kwanan watan sai in ga ranar nan ce, da sa hannuna. Ummi ta sha wuya sosai. Ta tashi, amma idonta na hagu ya yi fari, likitan ido ya ce ba zai dawo ba. Rabi ta tare ni a bakin ƙofa, ba da faɗa ba, ta ce, "Anti, ba ke kika yi mata allurar ba? To yaya aka yi?" Na ce, "Wani lokaci takan ƙi kama wasu yaran, sai haƙuri." Ta ce, "Haka ne, Allah ya ƙaddara." Har ta ƙara mini ƙosai biyu a leda. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar raina zai fita. Wace irin mace ce ni?

Makonni uku da suka wuce aka ce ma'aikatar lafiya ta kafa kwamiti zai zo ya binciki dalilin da ya sa yaran da aka yi wa rigakafi suka kamu. Daga ranar ban ƙara gane kan kowa ba. Na je fayil ɗin da nake ajiye tsofaffin katunan firij, na tarar kowane wata yana nan ban da wancan. Na tambayi Hajiya, ta ce, "Wane kati? Ai ke ke ajiye su." Ita da ba ta taɓa tambayar lafiyar 'ya'yana ba, sai ga shi ta kawo mini atamfa, ta ce ta sa sunana a wata bita ta mako biyu a Jos. Na duba, bitar ta faɗo daidai kwanakin zuwan kwamiti. Son alheri ne, ko so take a yi zaman ba na nan, a ɗora mini komai? Na ce Inna ba lafiya, ba zan iya tafiya ba. Ta kalle ni ta ce, "To, ke kika sani."

Sai kuma maganar Oga Emeka, makanikin da ke duba mana janareta, mai gareji a Kakuri. Ina jiran mota ya tsallako titi ya same ni, ya ce, "Madam, na ji ana cewa injin nan ya lalace lokacin Sallar bara. Ƙarya ne o. Ni na ɗauke shi a bayan mota na kai gidan Hajiya, tana da baƙi. Ni kuma na dawo da shi ranar biki da asuba. Kada wani ya sa sunana a ciki." Na ce, "Za ka faɗa wa kwamiti haka?" Ya ɗaga hannuwa biyu ya ce shi bai ce komai ba, ya juya. To me ya sa ya gaya mini, kuma me ya sa sai yanzu, bayan shekara? Tausayina ya ji? Ko sun ɓata da Hajiya ne yana so in yi masa faɗansa? Ko ita ce ta turo shi ta ji abin da zan ce? Wallahi har haka na yi tunani.

Akwai kuma abokiyar aikina Sista Rifkatu, mai karɓar haihuwa. Shekara takwas muna cin abinci a kwano ɗaya, ta yi mini rainon ɗana na ƙarshe, na je bikin ƙanwarta a Unguwar Boro. Ranar bikin rigakafin ta ga ana shigo da ƙanƙara daga kasuwa, ta tambaye ni, na ce ƙari ne kawai. Yanzu in na shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a wani wuri. Shekaranjiya na buɗe durowar teburina na tarar da takarda a ninke. Fotokofin katin nan ne da ya ɓata, an zagaye kwana huɗun da jan biro. Ba suna, ba rubutu. Mu uku ne ke shiga ɗakin: ni, Hajiya, da Rifkatu. In Hajiya ce, gargaɗi ne, tana nuna mini asalin yana hannunta. In Rifkatu ce, ban sani ba ko cewa take in yi magana kafin ita ta yi, ko kuwa ta riga ta miƙa. Na kasa tambayar ko ɗaya, don duk wadda na tambaya, in ba ita ba ce, na tona kaina. Na duba takardar da kyau na ga abin da kowa zai gani: kwana huɗun da biro ɗaya aka rubuta su, da hannu ɗaya, a zama ɗaya, kuma rabin Unguwar Mu'azu sun san ina Zariya.

Jiya Hajiya ta kira ni ofis ta ba ni wata takarda da aka buga da tafireta. An rubuta cewa makullin firij bai taɓa barin hannuna ba, kuma sanyi bai taɓa yankewa ba. Ta ce, "Ki sa hannu mu zama baki ɗaya. In mun tsaya tare ba abin da za su samu, za su ce daga sama maganin ya zo a lalace." Na ce zan karanta a gida. Takardar na cikin jakata yanzu. In na sa hannu, na wanke ta ke nan har abada, ni kaɗai na rage. In na ƙi, ta san na juya mata baya, kuma ita tana da mutane a sakatariya, ni ba ni da kowa. Mijina bai san komai ba, yana dai tambaya me ya sa na rame.

Kada ku ɗauka aikina kawai nake tsoro, ko da yake ina tsoronsa. Akwai yaran da aka yi wa allurar ranar waɗanda ƙyandar ba ta kama ba tukuna, iyayensu na zaune da kati suna ganin sun tsira. Duk wanda ya faɗo hannuna nakan sake yi masa in ce ƙari ne, amma rajistar sunayen tana kulle a ofishin Hajiya, ba zan iya bin su gida gida ba sai gaskiya ta fito. In kuma ta fito, na san unguwarmu. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa firij ne ya mutu, cewa za a yi allurar ce ke makantar da yara. Mijin Rabi ma ya fara faɗin haka a majalisa. Iyayen da muka sha wuya kafin su yarda za su rufe mana ƙofa, kuma wasu yaran ne za su biya.

Yau da safe Rabi ta shigo da ƙanin Ummi, wanda take da cikinsa a lokacin. Ya cika wata tara, lokacin allurar ƙyandarsa ya yi. Ta ce babansa bai sani ba, cewa ta yi za ta kai shi awo. Rifkatu ta ce ta kawo shi ita ta yi masa tunda ina cike wasu takardu, Rabi ta ce a'a, za ta jira Anti. Maganin yau mai kyau ne, na duba shi sau uku. Na yi masa, ya tsala ihu, Ummi na tsaye riƙe da zanen uwarta tana karkato kai don ta gan ni da ido ɗayan. Rabi ta ɗaura goyonta ta ce, "Ni a asibitin nan ke kaɗai na yarda da ke."

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Hajiya na jiran takardarta gobe. In faɗi gaskiya gaba ɗaya, har da tawa, ba tare da shaida ko ɗaya a kan janareta ba? In fara zuwa wurin Rabi, ko wurin mijina, ko in tunkari Rifkatu? Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?