Zoben Roba Ɗaya Da Kunnena Na Hagu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya ƙera na'urar numfashina, da mai shagon kayan nutso da ke wakiltarsa a Doha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Ranku ya daɗe, sunana Habibu. Nutso ne sana'ata, ina kankare ƙasan jiragen ruwa a tashar Al Wakrah. A shagonku na sayi na'urar da nake shaƙar iska da ita a cikin ruwa. Kuka ce garantinta na nan muddin ina kawo ta sabis duk shekara kuna buga hatimi.

1. Da korona ta zo, ku kuka rufe shago, ba ni ba. Sau uku ina tasowa daga unguwarmu Bin Omran ina tarar da kwaɗo a ƙofa. Da kuka buɗe, aka ce wai na tsallake shekara, garanti ya mutu, khalas, shi ke nan.

2. Gab da gasar kofin duniya na'urar ta fara yoyon iska. Zoben roba ɗaya ne ya cinye, ko girman zoben yatsa bai kai ba. Na rubuta wa kamfani, aka ce dila, wato mai shago, kaɗai ake sayar wa zoben. Dila ya ce in bar masa na'urar a gyara. Mako biyar tana ƙarƙashin kantar shago, ma'aikatanku na ta yalla-yalla, wato maza-maza, suna gwada wa baƙi kayan haya. A lokacin kuwa kowane mai jirgi neman mai nutso yake.

3. Ba zan ɓoye laifina ba. Na gaji, na karɓe ta, na sa mata robar kasuwa. Ina ƙasan jirgi iska ta ɗauke. Na taso a gigice, dodon kunnena na hagu ya fashe. Likita, ɗan Kano kamar ni, ya ce in haƙura da ruwa.

Wallahi raina a ɓace yake. Kamfani ya turo ni shago, shago ya jefa ni ƙarƙashin kanta, ni kaɗai na shiga ruwa.

Ina roƙon ku daina ƙirga wa mutum shekarar da ku kuka kulle ƙofa. Ku sa na'urar mai neman abinci gaba da ta mai yawon buɗe ido. In kun hana mu zoben, to ku gyara a kan lokaci.

Allah Ya ba ku lafiya, kada Ya nuna muku ranar da za ku ja numfashi ku ji babu. Mai shago yana da lambata. In zai kira, ya ɗaga murya, da kunne ɗaya nake ji.

Wassalam.

Habibu, Bin Omran.