Tambayoyi Biyun da Ka Bari Fayau

Zuwa ga Shahmir, sanyin idona, ruwan farko bayan zafin Lahore, mangwaron Multan da ya nuna a reshensa, kuma babban wawan da zuciyata ta zaɓa.

Ba don kewarka kaɗai nake rubuto maka ba. Jiya a gaban allon sakamako abokinka Taimur ya tona maka asiri. Wai da gangan ka bar tambayoyi biyun ƙarshe fayau a jarrabawar rubuta manhajar kwamfuta, don makin aji ya sauko, ni in haye! Wa ya aike ka? Yaushe na miƙo maka hannu ina roƙo?

Na sani, jarrabawar nan zalunci ce tsagwaronsa. Wata uku Farfesa Cheema yana koya mana yadda za mu sa kwamfuta ta ƙirga ɗaya zuwa goma, ranar jarrabawa sai ga shi yana so mu tsara zirga-zirgar jiragen ƙasa, da biro, a kan takarda! Kuma ba ruwansa da abin da mutum ya sani. Matsakaicin makin aji yake ɗauka ya ja layi, wanda ya gaza kaiwa ya faɗi. Wane irin ma'auni ne wannan, da sai ɗan'uwanka ya nutse kake samun numfashi?

Amma kai fa, farin watana, ina ka ajiye lissafinka? Mu ɗari biyu da arba'in ne! Maki ashirin ɗin da ka zubar, in aka raba mana, kowa ko ƙwayar shinkafa ba zai samu ba. Layin ya tsaya a talatin da huɗu. Na ci arba'in da bakwai da gumina. Kai talatin da ɗaya. Ka faɗi, Shahmir, ka faɗi a banza!

Ka tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfar mai shayi, samosa ɗaya tsakaninmu? Kwana uku manhajata ta ƙi tashi, har ina hawaye. Kallo ɗaya ka gano kuskuren, amma ka ƙi taɓawa. Ka ce in sake duba layi na tara, kaina zai ba ni. Ya kuwa ba ni. A ranar na kamu da sonka, domin ka yarda da ƙwaƙwalwata. Ina ka kai wannan mutumin?

Yanzu zan shiga zango na gaba, kujerar gefena ba kowa. Wayyo, wa zan harara in malam ya soma shirme?

Ga hukuncina. Duk safiya ƙarfe takwas ka same ni a ɗakin karatu, har ranar da za ka sake zana jarrabawar. Kowace tambaya ka amsa ta. Ka wuce ni in ka isa, zan fi kowa tafi. In ka ƙara rage kanka saboda ni, wallahi sai na yi wata ban dube ka ba, ko da ni zan fi shan wuya.

Taka, cikin fushi yau, cikin amana har numfashina na ƙarshe,

Zunaira