Shekarar da Goggo Tencha Ta Yi Kiɗan Bikin Coci

Asabar, 9 ga Satumba, 1989

Goggo Tencha ta iso daga Corpus Christi. Ƙanwar Baba ce, amma rabona da ita tun ina 'yar firamare. Da kanta ta tuƙo jar motarta, ga wando, ga takalmin kaboyi, gashi a yanke gajere. Matan layinmu duk sun fito, wai shara suke yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Araceli ce wannan? Wa ya ja ki haka kamar danƙo?" Ban taɓa ganin macen da ke dariya ba ta rufe baki ba sai ita.

Saboda Kaka, mahaifinsu ita da Baba, ta zo. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar yake yi. Da ta shiga gaishe shi sai ya juya fuska bango.

Talata, 12 ga Satumba

Muna murza tortiya, gurasar masarar nan tamu, na tambayi Mama abin da ya haɗa Kaka da Goggo. Ashe Kaka 'ya'yansa maza kaɗai ya koya wa akodiyon, ya ce mace ba ta rungumar abin kiɗa a gaban maza. Goggo ta koya a ɓoye a gareji. Ranar da ya ji tana kiɗa a gidan rawa, ya ce ba shi ba ita. Mama ta ce, "Kada ki ɗauki halinta." Can ƙasa-ƙasa kuma ta ce, "Amma fa ta iya."

Alhamis, 14 ga Satumba

Goggo ke yi wa Kaka aski, ita ke ba shi miya a baki. Ko uffan bai ce mata ba, ita kuwa ko a jikinta. "Buɗe baki, tsoho, fushin naka ma yana jin yunwa." Ina ta samo wannan zuciyar?

Laraba, 20 ga Satumba

Na gwada tafiyar Goggo a gaban madubi. Sai ka ce agwagwa.

Lahadi, 24 ga Satumba

Bayan coci Don Nemesio mai jita ya biyo mu gida. Tun kafin a haifi Baba, shi da Kaka ke yin kiɗan bikin cocinmu, bana kuwa babu mai riƙe akodiyon. Baba ya daɗe da bari, kanikanci ya sandarar masa da yatsu. Don Nemesio ya ce za su ɗauko wani daga Laredo.

Goggo ta ce, "Ga ɗan gida za a je Laredo?"

"Wa?"

"Ni."

Ya yi 'yar dariya. "'Yata, filin coci ne fa."

"To Allah bai taɓa jin kiɗan mace ba ne?"

Farfesun menudo da nake sha ya sarƙe ni. Don Nemesio ya sosa ƙeya ya ce ta zo su gwada. Bayan tafiyarsa Baba ya ce, "Tencha, so kike ki ƙarasa tsohon nan?" Ta ce, "Yaya, ba ni na kwantar da shi ba." Ta fita.

Mama ta aike ni kanti, na ga Goggo zaune a mota ta kifa kai a kan sitiyari. Ashe ita ma tana kuka. Na wuce kamar ban gani ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Suna gwaji a gareji Goggo ta rataya mini akodiyonta na ɗan lokaci. Nauyi! Da na buɗe shi sai ya ja numfashi a ƙirjina kamar mai rai. Na danna wani wuri, ya yi kukan jaki. Ta ce, "Haka ya gaishe ni ni ma."

Asabar, 7 ga Oktoba

Yau ne bikin coci. Ba a yi niyyar kai Kaka ba. Ya yi ta buga sandarsa a ƙasa har Baba ya gaji ya ɗora shi a keken guragu. Duk hanya ina cewa a raina zai tozarta Goggo a gaban unguwa.

Rana tsaka, ƙamshin masara da gasasshen nama, kowa da kofin ƙanƙara a hannu. Goggo ta hau dandamali. Waƙar farko babu wanda ya taka, maza sun harɗe hannu suna kallo. Ba ta sauka ba. Ta share goshi, ta ce wa Don Nemesio wani abu a kunne, sai ta saki kiɗan da Kaka ya tsara wa marigayiya Kakarmu lokacin yana nemanta. Tsofaffi suka gane tun daga farawa. Doña Chayo mai kanti ta saki guɗa, Mama ta fizgi Baba zuwa fili, kafin ka ce kwabo babu masaka tsinke. Goggo idonta a rufe, yatsunta kamar ba nata ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Goggona ce, na faɗa wa wata mata da ban ma sani ba.

Da ta sauko, Kaka ya yafice ta da hannun hagu. Ta durƙusa gaban keken. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Kin... yi sauri."

Ta ce, "Kai ne ka tsufa, Baba."

Ya damƙe kunnenta ya ƙi saki. Baba ya ce hayaƙin nama ne ya shiga masa ido.

Litinin, 16 ga Oktoba

Goggo ta koma. 'Yan ƙungiyar kiɗanta na jiranta. Gidan ya yi tsit.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ba wani abin rubutawa. Makon jiya dai na tambayi Kaka ko zan sauko da akodiyonsa daga kan kabad, don kada ya lalace a ajiye. Ya dube ni ya ce, "Wanke hannu."

Ba koyo nake ba. Yana dai buga sanda, ni kuma ina bi, in na kuskure ya yi tsaki. Kafaɗata na ciwo. Na ce wa Mama jakar makaranta ce.